Tarkacen da Ya Gyara wa Littafi Zama: Tarihin Masu Tara Tsofaffin Injinan Wanki

Idan aka tambayi ɗalibin tarihi inda yake neman hujja, zai ambaci littattafai, da takardun gidajen ajiya irin na Kaduna ko na Ibadan, da kuma bakin dattawa. Da wuya ya ambaci juji. Amma akwai wani reshe na tarihi wanda galibin hujjojinsa daga juji aka tsamo su, ko daga bayan rumbunan manoma, ko daga filin gwanjo, shi ne tarihin injin wanki. Waɗanda suka fi yi wa wannan fanni hidima kuwa ba malaman tarihi ba ne, wasu mutane ne da sha'awa ta ɗebe su, suka duƙufa ga tara tsofaffin injina masu tsatsa, suna kwance su, suna gyarawa, suna bin diddigin wanda ya ƙera su. Wannan ɗan rubutu zai dubi abin da tarkacen nasu ya bayyana, musamman yadda ya ƙaryata wani zance da littattafai suka daɗe suna maimaitawa, da kuma inda shi kansa tarkacen ya yi shiru.

Sai mai karatu ya san nauyin aikin kafin ya gane dalilin injin. A Amurka da Turai ta ƙarni na goma sha tara, wanki aikin yini guda ne cur, kuma bisa al'ada ranar Litinin ake yin sa. Tun daren Lahadi ake jiƙa kaya. Da gari ya waye a ɗebo ruwa daga rijiya, a hura wuta a tafasa shi, a cuɗa kayan a kan allon wanki mai gargada, a sake dafa farare a tukunya, a ɗauraye, a matse da hannu, a shanya. Wata masaniyar tarihin aikin gida, Susan Strasser, ta ƙiyasta a littafinta Never Done na 1982 cewa wanki ɗaya da dahuwa da ɗauraya kan ci ruwa wajen galan 50, wato kusan lita 190, abin da ya tasam ma jarka takwas. Duk mace ce ke ɗauko shi, ta kuma fitar da shi ta zubar. Sabulun ma na toka ne da kitse, mai cin fatar hannu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka sami dubban mutane suna ta faman neman dabarar da za ta rage wannan wahala, ko don tausayi ko don neman kuɗi.

Ƙoƙarin ya daɗe. A Ingila an ba da takardar shaidar ƙirƙira ta farko da ta shafi wanki tun 1691. A Jamus, wani limamin coci kuma masanin tsirrai da ƙwari a garin Regensburg, mai suna Jacob Christian Schäffer, ya wallafa bayanin injinsa a 1767: baho ne na katako mai murfi, da sanda a tsakiya wadda aka kakkafa wa 'yan ƙafafu, ana juya ta da hannu kamar maburgi. A Amurka kuwa, takardar farko ta injin wanki Nathaniel Briggs na jihar New Hampshire aka bai wa, ranar 28 ga Maris, 1797. To, a nan mai bincike ke fara cin karo da bango. Ranar 15 ga Disamba, 1836 gobara ta cinye ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka da ke Washinton, ta lashe takardu wajen 10,000 tare da zane-zanensu da ƙananan samfuransu. Waɗanda aka iya maidowa daga baya, ta hanyar roƙon masu su su kawo kwafensu, ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ta Briggs ba ta cikinsu. Suna ya saura, kwanan wata ya saura, amma babu mahaluƙin da zai iya cewa ga kamannin abin da mutumin ya ƙera. Duk da haka sunansa na nan a littattafai a matsayin uban injin wanki na Amurka.

Mutumin da ya fi shahara a harkar tara waɗannan injina shi ne Lee Maxwell, tsohon farfesan injiniyancin lantarki a Jami'ar Jihar Kolorado. Bayan ya yi ritaya a 1985, ya kama hanyar yawon buɗe ido shi da maiɗakinsa zuwa jihar Maine, suka tsaya kallon gwanjon kayan gona a jihar Ayowa, ya taya wani tsohon injin Maytag aka sallama masa. Kafin su komo gida ya ɗoro guda goma sha uku. Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba: ya cika rumfuna a gidansa da ke garin Eaton, har ya shiga kundin bajinta na Guinness a shekarar 2000, aka kuma sabunta masa a 2019 da injina 1,350. A 2003 ya wallafa littafi mai suna Save Womens Lives a kan tarihin injin. Sai dai a ganina ba yawan ne abin yabo ba, domin kowane mai kuɗi da fili zai iya tara ƙarafa. Abin da ya bambanta shi shi ne ya shigo da ɗabi'ar malamin jami'a cikin sha'awarsa. Kowane inji sai ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya mayar, ya tayar da shi ya ga yadda yake aiki, ya ɗauki hotonsa, sannan ya nemo takardar rajistarsa da tallansa a tsofaffin jaridu. Ta haka ya tara bayanan takardun ƙirƙira fiye da 20,000 da suka shafi wanki, ya zuba su a kwamfuta yadda kowa zai iya dubawa.

Abu na farko da jerin injinan ya nuna shi ne tarihin nan ba miƙaƙƙen titi ba ne. Littattafai kan jero sunaye huɗu ko biyar, wannan ya ƙera, wancan ya kyautata, har a iso ga na yau. Amma wanda ya bi layin injinan zai ga ɗaruruwan ƙananan kamfanoni, wasu ba su wuce maƙeri ɗaya da yaransa ba, kowa da tasa dabarar, kuma kusan kowace dabara kwaikwayon wani motsi ne na jikin mai wanki. Akwai mai kirɓa kaya kamar taɓarya a turmi. Akwai mai cuɗa su tsakanin alluna biyu masu gargada. Akwai mai lilo kamar shimfiɗar jariri, har da wanda aka haɗa da kujerar lilo domin uwar gida ta yi wanki tana zaune. Kamfanin Easy na garin Syracuse ya yi suna da bahon tagulla mai wasu kofuna a kife, suna hawa suna sauka suna zuƙar ruwa ta cikin tufa. Wajen ƙarfin da ke juya su ma haka: hannu, ƙafa, ƙarfin ruwan famfo, har da wani dandamali mai gudu a ƙarƙashin ƙafa wanda ake ɗora kare ko akuya ko tunkiya su yi ta tafiya ba sa zuwa ko'ina. Yawancin waɗannan dabaru sun mutu ba magaji. Ba don an tsinto gawarwakinsu ba, da ba wanda zai san an taɓa gwada su.

Abu na biyu, injin wanki ɗan ƙauye ne kafin ya zama ɗan birni. Kamfanin Miele na Jamus, wanda Carl Miele da Reinhard Zinkann suka kafa a 1899, da injin tace madara da na kaɗa man shanu ya fara, kuma injin wankinsa na farko daga bahon kaɗa man nan aka samo shi. Wanda ya ga su biyun a jere a gidan tarihin kamfanin da ke Gütersloh zai ɗauka wa da ƙane ne. Shi ma Frederick Maytag na garin Newton a Ayowa kayan noma yake ƙerawa tun 1893. Ya shiga harkar wanki a 1907 da wani bahon katako mai suna Pastime domin ma'aikatansa su sami abin yi a lokacin da cinikin kayan gona ya ja baya. Da yake har tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya ce kacal cikin goma take da wutar lantarki a Amurka, sai kamfanin ya fito a 1915 da inji mai amfani da fetur. Na baya-bayansu akan taka su da ƙafa su tashi, kamar yadda ake buga wa babur, a zura doguwar mesa ta taga domin hayaƙi ya fita waje. Akwai ma kayan haɗi da ake sayarwa tare da shi: a cire maburgin wanki a sa na kaɗa man shanu, ko a cire mamatsin kaya a ɗaura injin niƙa nama. A 1922 Howard Snyder, injiniyan kamfanin, ya sauko da maburgin daga murfi zuwa gindin baho, ya yi masa fikafikai, ta yadda ruwa ne ke ratsa tufa maimakon a riƙa jan tufa cikin ruwa. Wannan samfuri, Gyrafoam, shi ya ɗaga Maytag ya zama kan gaba a ƙasar cikin 'yan shekaru.

Yanzu sai babbar maganar. Shekara da shekaru, littattafan makaranta da kundayen ilmi suna cewa Alva J. Fisher ne ya ƙago injin wanki mai lantarki, kuma injin Thor na kamfanin Hurley da ke Shikago, wanda ya shiga kasuwa wajen 1908, shi ne na farko. Hujjarsu takardar rajista mai lamba 966,677 wadda aka bai wa Fisher ranar 9 ga Agusta, 1910. Maxwell ya yi abin da masu maimaita zancen ba su yi ba, wato ya ɗauko takardar ya karanta. Sai ga shi Fisher bai yi da'awar shi ya fara haɗa lantarki da injin wanki ba. Abin da ya yi wa rajista dabarar juya gangar ce, yadda za ta yi dama ta komo hagu don kada kaya su cure wuri guda. Bugu da ƙari, akwai takardar wani mai suna Woodrow, lamba 921,195 ta 1909, wadda ta riga ta Fisher kuma ita ma da injin lantarki a jikinta. Da aka koma ga tsofaffin jaridu kuwa, sai aka tarar ana tallan injin wanki mai lantarki tun 1904. Maxwell ya rubuta maƙala a kan wannan, ya kafa ta misalin yadda masu rubuta tarihi ke yi wa takardun rajista mummunar fahimta.

Dalilin kuskuren ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya wuce maganar wanki. Takardar rajista ba ta cewa wane ne ya fara; tana cewa ne wane ya je ofis, ya biya kuɗi, ya nemi kariya a kan wani ɓangare takamaimai. Da yawa daga cikin abin da aka yi wa rajista ba a taɓa ƙera su ba, da yawa daga cikin abin da aka ƙera aka sayar ba su da rajista. Ɗaura injin lantarki a jikin bahon da dama can ana juya shi da bel ba wata gagarumar hikima ba ce, duk maƙerin da wuta ta iso garinsu zai iya yi, kuma alamu sun nuna mutane da dama sun yi hakan a wurare dabam-dabam a lokaci guda. Amsar gaskiya ita ce tarihi bai riƙe sunan na farkon ba. Amma marubuci ba ya son giɓi. Ya fi son suna ɗaya da shekara ɗaya waɗanda za a iya haddacewa a amsa a jarrabawa, shi kuma kamfani yana son a ce nasa ne na fari. Da wani ya rubuta, na biyu ya kwafa, na uku ya kafa hujja da na biyu, shi ke nan zance ya zauna. Wanda ya taɓa bibiyar yadda ake jingina wa mutum guda kafa wani gari ko ƙago wata sana'a zai gane wannan cuta.

Ta yaya masu tarawa ke tantance shekarun inji? Suna fara duba ɗan allon ƙarfen da aka manna a jikinsa, mai ɗauke da sunan kamfani da lambar inji. Sau da yawa akan zuba kwanan watan rajista a jikin ƙarfen kansa, amma wannan iyaka kawai yake nunawa, wato injin bai girmi wannan rana ba, yana iya ƙanƙanta da ita da shekara ashirin. Daga nan sai a gwada shi da hotunan kundayen talla irin na kamfanin Sears, waɗanda a da ake bugawa kowace shekara da farashi. Sauyin sunan kamfani ma hujja ne. Alal misali, kamfanin Upton na jihar Mishigan ya haɗe da Nineteen Hundred Washer a 1929, sannan aka koma kiran su Whirlpool a 1950, don haka sunan da ke jikin baho kaɗai kan rage tazarar. Kayan ƙirar su ma suna magana: katako, sai tagulla da kwano, sai sanholo wanda Maytag ya fara zubawa a 1919, sai farin tangaran a kan ƙarfe.

Ƙarancin wasu samfura kuma yana da sababi. Na katako ruɓewa suke yi, ko su bushe su tsage idan aka daina zuba musu ruwa. Na tagulla da sanholo kuwa Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ci su: daga 1942 zuwa 1945 an dakatar da ƙera injin wankin gida a Amurka, masana'antun suka koma kayan yaƙi, aka kuma bi gida-gida ana tattara tsofaffin ƙarafa ana narkarwa. Masu fetur su ma ba su tsira ba, domin da wuta ta iso ƙauye sai samari suka ciccire injinan suka ɗaura wa 'yan kekunan wasa da famfunan ban-ruwa, shi ya sa ake samun injin ba baho, ko baho ba inji. Wani abin lura shi ne, abin da ya fi yawa a zamaninsa ba lalle ne ya fi saura ba. Injin da ya yi aiki an more shi har ya mutu an yar. Wanda bai yi kirki ba shi aka jefa a rumbu da sauran fentinsa, ya jira mai gwanjo. Ke nan gidan tarihi na iya cika da waɗanda suka kāsa.

Akwai saɓani a tsakaninsu game da gyara. Wasu na ganin a kankare tsatsa, a sake fenti, a tayar da inji, domin ba a fahimtar dabararsa sai yana motsi. Wasu na ganin a bar shi yadda aka same shi. Ni dai na fi karkata ga na biyun a duk inda injin ya kasance shi kaɗai ya rage. Mariƙin da tafin hannu ya sisshe har ya yi santsi, da waya da aka ɗaure karyayyar ƙafa da ita, da facin gwangwani a gindin baho, su ne kaɗai rubutun da matar da ta yi aiki da shi ta bari. Sabon fenti goge su yake yi.

Masu tara na baya-bayan nan, wato masu sarrafa kansu, tasu matsalar dabam ce. Na farkon irinsu shi ne Bendix na 1937, mai ƙofa a gaba, wanda sai an ɗaure shi da ƙusoshi a daɓe don kada ya yi tafiya idan ya ɗauki gudu. Irin waɗannan robobinsu ne ke bushewa, agogon da ke tsara aikinsu ya lalace, kuma babu mai ƙera madadinsu, sai a yanka inji biyu a rayar da ɗaya. Shi kuwa mai baki biyun nan da ya cika kasuwar Alaba da sauran kasuwanninmu, jinin Hoovermatic ne na Birtaniya na 1957 da kuma injinan Japan masu faifai mai juya ruwa, irin wanda Sanyo ya fitar a 1953. Masana'antun da suka haifi wannan tarihi ma sun zama tarihi: Whirlpool ya sayi Maytag a 2006 ya rufe masana'antar Newton a 2007, Hoover kuma ya daina ƙera injin wanki a Merthyr Tydfil ta ƙasar Wales a 2009.

Sai dai fa tarkace ma yana da iyakarsa, kuma wajibi ne a faɗa. Masu ƙera injinan maza ne, masu tallansu maza ne, masu tara su a yau ma galibi maza ne, alhali masu aiki da su mata ne. Jerin injina masu ƙyalli na iya sa mai kallo ya ɗauka kowane sabon samfuri hutu ya kawo. Mamatsin nan mai rodi biyu na roba, da aka haɗa shi da lantarki, ya murƙushe hannayen mata da na yara masu yawan gaske, har likitocin Amurka suka ba wa raunin suna na kansa. Ruth Schwartz Cowan kuma ta nuna a littafinta More Work for Mother na 1983 cewa injin ya rage ciwon baya amma bai rage sa'o'i yadda ake zato ba. Gidajen da a da suke kai kaya gidan wanki ko suke ɗaukar mai wanki sun maido aikin kan uwar gida ita kaɗai, ga shi kuma an koma sauya tufa kullum maimakon mako-mako.

Waɗancan masu wankin da injin ya raba da sana'arsu su ne ba su da rumfa a gidajen tarihin. A kudancin Amurka bayan 'yanta bayi, wanki shi ne babbar sana'ar baƙaƙen mata, domin a gidajensu suke yi, ba a ƙarƙashin idon uwar ɗaki ba. A watan Yuli na 1881, mata ashirin a birnin Atlanta suka kafa ƙungiyar masu wanki, suka nemi a riƙa biyan su dala ɗaya a kan kowane laba goma sha biyu na kaya, suka bi gida-gida da coci-coci suna kira. Cikin mako uku masu yajin suka kai wajen 3,000. Hukuma ta kama wasu, ta ci su tara, majalisar birni ta yi barazanar ɗora musu kuɗin lasin na dala 25 a shekara. Matan suka rubuta wa magajin gari cewa sun yarda su biya, muddin harkar wankin birnin za ta zama a hannunsu, daga bisani majalisar ta janye maganar. Kayan aikinsu kuwa, kamar yadda masaniyar tarihi Tera Hunter ta bayyana, sabulu ne da suke dafawa da kansu, da sitaci na dusar alkama, da gangar giya da aka raba biyu ta zama baho. Babu allon kamfani a jikin irin wannan baho, babu lamba, babu kwanan watan rajista, kuma idan ya tsage makamashi ake yi da shi.